Yarana Sun Dame Ni Da Tambaya Kan Dabbobi, Taurari Da Jikin Mutum: Daga Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarana biyu ne, mace mai shekara goma da ƙaninta mai shekara bakwai. Tambayarsu ba ta ƙarewa: me ya sa wata yake bin mu in muna cikin mota, me ke cikin cikin mutum, jemage tsuntsu ne ko dabba, mutanen wasu ƙasashe me suke ci. Ni ban karanta kimiyya ba. Littattafan da na gani a kanti na Turanci ne, ga tsada, dabbobin da ke ciki ma ba namu ba ne. In sun ishe ni sai in miƙa musu waya. Daga ina ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya su, ya yi musu albarka.

Na daɗe ina koyar da kimiyya a firamare, kuma abin da na fi cin karo da shi shi ne yaron da zai lissafo miki dabbobin ƙasar ƙanƙara tiryan-tiryan, amma ki tambaye shi ina shamuwa take tafiya da rani ya yi zuru. Ba laifin littattafan ba ne, ga yaran wasu wurare aka rubuta su. Matsalar ita ce abin da yaro ya gani a hoto kawai sai dai ya haddace, ba shi da hanyar da zai tabbatar. Abin da ke tsakar gida kuwa zai duba yau, ya sake dubawa gobe, ya ƙirga, ya auna, har ya kama babba da kuskure. Don haka ki fara da abin da idonsu zai gani, hannunsu ya taɓa. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai zaren da in kika bi zai kai ku har bangon duniya.

Kayan aikin ba su da yawa. Ki saya wa kowannensu littafin rubutu da fensir, gidan kuma a samu rula da igiya. Doka ɗaya ce a littafin: a rubuta kwanan wata, a rubuta ko a zana abin da aka gani da ido. Abin da aka ji a bakin wani yana da nasa shafin daban. Ƙaramin ya yi zane kawai, yayar ta rubuta masa bayanin da ya faɗa.

Mu ɗauki shamuwar. Tana isowa ƙasarmu wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwa na cikin gari, mutane su ce damina ta kusa. Su rubuta ranar da suka fara ganin ta, su rubuta ranar da aka yi ruwan farko. Sai ki jefa musu tambaya: ita take kawo ruwan, ko ruwan take bi? Kada ki yi saurin ba su amsa. Su lura da abin da take tsinta a gona da fili: fara ce da tsutsa da kwaɗi, abubuwan da ruwa ke fito da su. In kaka ta yi sai ta ɓace, ta tsallaka tsakiyar duniya ta sauka Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, domin a watan Nuwamba, lokacin da mu muke shiga hunturu, su can daminarsu take farawa. Kin ga tsuntsuwa guda ta koya musu cewa lokutan shekara ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma sun sami dalilin neman Zambiya a taswira. Akwai kuma masu yin akasin tafiyarta: agwagin ruwa da wasu tsuntsaye da ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru.

Idan a tsakiyar birni kuke inda shamuwa ta yi wuya, ƙadangare yana nan, cinnaka da tururuwa suna nan. Su sami layin tururuwa, ɗaya ya goge tsakiyar layin da yatsa, su ga yadda na baya za su rikice su yi ta dawurwura. Ƙanshi suke bi wanda na gaba suka bari a ƙasa. Su kuma tambayi kakansu yawan ungulun da ke kwata da kasuwa lokacin yana yaro, su gwada da wanda suke gani yanzu. Ungulun nan tamu ta cikin gari tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma farautar ta da ake yi don haɗa magani. Ni a wurina wannan ya fi a koya wa yaro jimamin wata dabba ta nesa da bai taɓa gani ba.

Jemage ba tsuntsu ba ne. Ba ya ƙwai, haihuwa yake yi, yana shayar da ɗansa nono, jikinsa gashi ne ba fuka-fukan tsuntsu ba, abin da yake tashi da shi kuma fata ce da ta shimfiɗu tsakanin dogayen yatsunsa. Manyan da ke cin 'ya'yan itace da ido da hanci suke neman abinci, ƙananan masu cin ƙwari ne suke yin ƙara su saurari amsa-kuwwarta. A dajin Kasanka na Zambiya irin manyan nan namu suna taruwa miliyoyi tsakanin Oktoba da Disamba. A kalle shi daga nesa, kada a taɓa shi ko da matacce ne, yana iya ɗauke da cuta.

Raƙumin dawa kuma ki ajiye musu wannan: ƙasusuwan wuyansa bakwai ne, daidai da na mutum, daidai da na ɓera. Tsawon kowane ƙashi ne ya bambanta. Su shafa bayan wuyansu su ji nasu. Irin na yammacin Afirka sun kusa ƙarewa, a 1996 guda 49 kacal suka rage, duk a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsaya aka kare su tare da manoman wurin, yanzu sun haura 600. A Dabus kuma, arewa da Agadas, akwai hoton raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonsa ya fi mita biyar, a wurin da yau hamada ce. Yarinyarki za ta iya gano da kanta abin da wannan yake nufi game da Sahara a da.

Gwajin da na fi so a ɓangaren dabbobi shi ne na sauro, don amfaninsa a fili yake. A debo ruwan da ya kwana biyu a tsohuwar taya ko gwangwani, wanda ake ganin 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki, a zuba a kwalba mai haske, a rufe bakin da ƙyallen gidan sauro a ɗaure da roba. Kullum su zana abin da suka gani. Cikin 'yan kwanaki tsutsar za ta dunƙule, sannan wata safiya su tarar da sauro a saman ruwan. Su duba yadda tsutsotsin suke shaƙar iska: wadda ta kwanta a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa ita ce ta sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, masu rataye kai ƙasa wasu iri ne. Macen ce kaɗai take cizo, jinin take buƙata don ƙwanta. In an gama kada a sake su, a bar kwalbar a rufe a rana. Daga ranar ba sai kin yi faɗa kan kifar da gwangwanaye ba, su za su riƙa yi miki.

Jikin mutum kuwa, babu ɗakin gwajin da ya kai ranar layya, kuma kusan kowane gida yana bari ta wuce a banza. Ki roƙi mahauci ko maigidan ya dakata minti goma kafin a kwashe kayan ciki. A fara da maƙogwaro, su taɓa zobban guringuntsin da ke hana shi rufewa, su shafa nasu wuyan su ji irinsu. Su bi shi har inda ya rabu biyu ya shiga huhu. A yanko ɗan huhu da ɗan hanta a jefa cikin kwanon ruwa: huhun zai taso, hantar ta nutse, su faɗi dalili. A tsaga zuciya su ƙirga ɗakunanta huɗu, su lura cewa bangon ɓangare ɗaya ya fi na ɗayan kauri sosai. Mai kaurin shi ne na hagu, wanda yake tura jini zuwa dukkan jiki. Na dama huhu kawai yake kai wa, ga shi nan kusa. Wani likita da ya yi aiki a Alƙahira, Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakanin ɓangarorin biyu, sai ya bi ta huhu tukuna. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jini yake kewaya jiki gaba ɗaya.

Tumbin rago kashi huɗu ne, namu ɗaya. Ciyawa tana da wuyar narkewa, shi ya sa yake haɗiye ta ya dawo da ita ya yi tuƙa, ƙwayoyin halitta da ke cikin tumbin su taya shi aiki. A warware hanjin a auna da igiya, zai haura mita 20, alhali ƙaramin hanjin babban mutum wajen mita shida ne. Su yi tunanin me ya sa mai cin ciyawa yake buƙatar dogon hanji. In ɗaya daga cikinsu yana tsoron jini kada a tilasta masa, ko kazar da kika yanka ta isa. A buɗe ƙundu su ga tsakuwoyin da take niƙa hatsi da su tun da ba ta da haƙori. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu sosai.

Sauran kwanakin shekara jikinsu ne littafin. Su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu su ƙirga bugun jini na rabin minti su ninka biyu, su zagaya gida da gudu su sake ƙirgawa. Su auna na babansu da na kaka da na jariri in akwai, za su ga na yaro ya fi na babba sauri. Zuciya takan buga wajen sau 100,000 a yini da dare. Mai shekara bakwai yanzu yake famfara, to ga darasi a bakinsa: haƙoran nono 20 ne, na manya 32, ya zana bakinsa ya riƙa sa alama duk wanda ya fita da wanda ya tsiro. Ƙasusuwan babba 206 ne, na jariri sun fi haka yawa domin wasu daga baya suke haɗewa, kuma maɗigar jariri da ke motsi shaida ce da za su gani. Su tauna ɗan burodi ko tuwo su daɗe ba su haɗiye ba, za su ji ya fara zaƙi, alamar narkewar abinci tun a baki take farawa. Su rufe ido da tafin hannu na ɗan lokaci su buɗe a gaban madubi, su ga baƙin tsakiyar ido yana tsukewa.

Abu biyu nake roƙon kada ki bari kunya ta hana ki faɗa musu. Na farko, akwai wuraren jiki da babu mai ikon gani ko taɓawa, ko wane ne shi, kuma in wani ya gwada su gaya miki, ba za a doke su ba. 'Yar shekara goma kuma lokaci ya yi da za ta ji batun al'ada daga bakinki kafin ta gan ta ta firgita. Na biyu, jini a fitsarin yaro ba alamar girma ba ce kamar yadda ake cewa a wasu wurare. Tsargiya ce, wata tsutsa da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fatar mai wanka a kududdufi ko dam, kuma tana da magani a asibiti.

Yanzu mu ɗaga kai sama, inda na fi son daɗewa. Wata ba ya bin motarku. In kuna tafiya ki nuna musu abu uku: turakun wutar bakin titi suna wucewa fit-fit, dutsen da ke can nesa yana ja baya a hankali, wata kuwa bai motsa ba. Gwargwadon nisan abu, gwargwadon yadda tafiyarki ba ta sauya inda kike ganin sa. Wata yana nisan kimanin kilomita 384,000, to kilomita goman da kuka yi ba komai ba ce a wurinsa. Lambar ba za ta shiga kan yaro ba sai an auna ta a ƙasa. A ajiye ƙwallon ƙafa a ce ita ce duniya. Wata zai zama ƙaramin lemo, a kai shi nisan mita shida da rabi. Rana fa? A wannan ma'aunin faɗinta mita 24 ne, kuma sai an yi tafiyar fiye da kilomita biyu da rabi kafin a ajiye ta. Su lissafa wane wuri ne a garinku yake da wannan nisan daga gida. Haskenta minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi yake yi kafin ya iso mu.

Daga ranar da aka ga jinjirin wata, su riƙa fita bayan magariba kullum a lokaci guda, su tsaya wuri guda, su zana siffarsa da inda yake. Za su ga ya fara a yamma siriri, kullum yana ƙara cika yana matsawa gabas da abin da ya ɗan fi faɗin dunƙulen hannu in an miƙe shi, har daren sha huɗu ya fito daga gabas daidai lokacin da rana take faɗuwa. Bayan nan sai ya riƙa makara da kusan minti 50 kowane dare, su same shi da safe a yamma suna shirin makaranta. Sai sun cika shafukan nan da kansu za ki kawo bayani. A ɗaki mai duhu a kunna ƙwan fitila guda, yaro ya soke lemo a tsinke ya riƙe a gabansa ya ɗan ɗaga sama da kai, ya riƙa juyawa a hankali. Fitilar rana ce, kansa duniya, lemon wata. Zai ga jinjiri, ya ga rabi, ya ga cikakke. A nan manya da yawa suke kuskure, har da wasu malaman makaranta, su ce inuwar duniya ce take rage wata. A'a, kullum rabinsa yana cikin hasken rana, gefen da muke kallo ne yake sauyawa. Inuwar duniya sai ranar husufi take faɗa masa, kuma zai ga haka in lemon ya shiga inuwar kansa.

Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wata yake yin 29 ko 30. Yayar ta ninka sau 12 ta sami 354, ta cire daga 365. Kwana 11 ɗin nan su ne suke jawo azumi baya kowace shekara, har ya zagaya damina da bazara da hunturu cikin wajen shekara 33. Azumin 2015 a Yuni da Yuli aka yi shi, cikin ruwa. Ta tambayi kakarta sau nawa ta yi azumi cikin sanyi.

Da rana kuma a kafa sanda a miƙe a tsakar gida, a riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta duk awa. Inda inuwar ta fi gajarta shi ne tsakar rana, kuma a ƙasar Hausa ba sha biyu daidai ba ce, takan ɗan gota. Da wannan sandar malamanmu suke gane zawali da shigar la'asar tun kafin agogo. In suka ci gaba da aunawa wata-wata za su ga abin mamaki: a Disamba inuwar tsakar rana arewa take kwantawa, a Yuni ta koma kudu. Ke nan akwai ranakun da take ɓacewa ƙarƙashin sandar. A Kano da garuruwan da ke layinta hakan yana faruwa wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta. Yaron Landan ko Alƙahira ba zai taɓa ganin wannan a gidansu ba. Haka kuma ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye cak a saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a lokacin alƙibla ya fuskanta, inuwar sandar kuma tana nuna bayanta. Su ja layi a ƙasa su gwada da inda kuke fuskanta a salla.

Taurari sun fi fitowa a daren da aka yi ruwa sama ta washe, ko farkon kaka kafin ƙurar hunturu, musamman in an ɗauke wuta. Zara da ke haskawa a yamma bayan magariba da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne. Ba ma tauraro ba ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, wadda Larabawa suke kira Zuhura. Takan yi watanni tana fitowa da yamma, ta ɓuya, ta koma fitowa da asuba, don haka ba za su taɓa ganin su biyun a dare ɗaya ba. Zafin da ke kanta ya haura digiri 460, ya isa ya narkar da dalma. Kaza da 'ya'yanta kuwa taurari ne na gaske, ana ganin su sosai da daddare a hunturu. Su yi gasar wa zai ƙirga mafi yawa, yawancin mutane shida suke gani. Hasken da ke shiga idonsu daga can ya taso kimanin shekara 440 da suka wuce, fiye da shekara 200 kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. In kuma suka ga wani haske yana tafiya a nitse ba ya ƙyaftawa, ya ratsa sama cikin 'yan mintoci, mai yiwuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, tana sama da mu da wajen kilomita 400, da mutane a ciki, tana zagaya duniya duk minti 90.

Kada su ɗauka harkar sama ta wasu ce can. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina. Da masana suka bincika sai aka gano ɓallin duniyar Mirriku ne, jan tauraron nan, kuma har yau da sunan Zagami aka san shi a duniya. A Kano hukumar sararin samaniya ta Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbunanta a farkon shekarun 1960. A Agustan 1963 Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy na Amurka suka yi magana ta waya ta tauraron ɗan Adam, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi haka. Najeriya ta harba tauraron ɗan Adam nata na farko a 2003. Ranar 29 ga Maris 2006 husufin rana cikakke ya bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu da hantsi. Su nemi wanda ya gani ya ba su labari. Na ranar 2 ga Agusta 2027 zai rufe rana ruf a Makka da Jidda da kudancin Masar, mu nan wani ɓangare za mu gani. Ba a kallon rana da ido, ko da baƙin gilashi. A huda ƙaramin rami a kwali a bar hasken ya sauka a farar takarda, a kalli takardar.

Watarana za su dawo su ce wani babba ya ce ƙarya ne, ba wanda ya je wata. Ki gaya musu abin da yake tabbatacce: mutum 12 sun taka shi tsakanin 1969 da 1972, sun dawo da duwatsu kilo 382, sun bar madubai da har yanzu ake harba musu haske daga nan ana auna nisan wata. Sannan ki koya musu cewa sanin abu ba lasisin ƙaryata babba a gaban mutane ba ne.

Al'adun duniya ki fara su daga tukunyarki. Tumatir, attarugu, tattasai, gyaɗa, masara, rogo, dankali, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Mangwaro daga Indiya, shayi daga Sin. Gero da dawa da wake da kuka namu ne na Afirka. To da me kakannin kakanninmu suke yin miya kafin tumatir da barkono? Su je su tambayi tsofaffi game da daddawa da masoro da kimba. Geronmu ma ya yi tafiya: Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi yanzu, a jihar Rajastan gurasa suke yi da shi.

Abin da ba na so a yawancin littattafan yara shi ne yadda suke mayar da al'umma hula da rawa kawai. Tambayar da ta fi amfani ita ce me ya sa. Me ya sa rufin gidajen Norwe yake da tsini, soronmu kuma shimfiɗe da indararo da katanga mai kauri? Me ya sa makiyayan Mongoliya suke zama a tantin da ake naɗewa, kuma da wa suka yi kama a nan? Bajapane yana rusunawa in zai gaisa, yana cire takalmi a ƙofa; mu fa? A birnin Tromso na Norwe rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, to Musulmin can yaya suke buɗa baki in azumi ya faɗo a lokacin? Da yawansu lokacin Makka suke bi. Ki bar yaran su yi ta muhawara kafin ki faɗa. Kuma kafin Japan akwai maƙwabta: su koyi gaisuwa da godiya da Fulatanci da Barbarci da Yarbanci da Ibo daga bakin masu harshen da ke unguwarku. Su nemo a taswira Salaga da Kumasi inda fatakenmu suka bi goro, da Mai Wurno a bakin Kogin Nilu a Sudan inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. In za ki sayi abu ɗaya mai ɗan tsada, ki sayi taswirar duniya mai siffar ƙwallo. Ta bango takan nuna tsibirin Girinlan kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka shi sau 14.

Waya ba abokiyar gaba ba ce, amma tambaya ce za ta riga ta. Sun ga tsutsar sauro, sai a nemo bidiyon yadda take a ƙarƙashin madubin likita, ku kalla tare, a kashe. Akwai manhajar Stellarium da ke nuna sunan abin da ke sama in an ɗaga wayar. Yanzu bidiyon dabbobi na bogi da kwamfuta ke ƙirƙira sun cika intanet, don haka su saba da tambayar wa ya ɗauka, a ina. In suka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, a rubuta shi a shafin ƙarshe, ranar Juma'a ko Asabar a zaɓi ɗaya a bi shi: wata tambayar ta mahauci ce, wata ta ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti, wata ta manomi, wata ta liman.

In hali ya samu a fita. Gidan zu na Audu Baƙo a Kano, gidan namun daji na Jos, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai inda ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, waɗanda aka tono a hamadar Nijar, suke tsaye. Kada ku yi tseren ganin komai. Kowane yaro ya zaɓi dabba uku tun daga gida, ya tsaya minti goma a gaban kowace, ya duba ƙafarta da haƙoranta da inda idanunta suke, a gaba ko a gefe, ya faɗi ko mai farauta ce ko wadda ake farauta. Yankari ta jihar Bauchi kuma an fi zuwa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. Ku shiga zagayen safe ko na yamma, da tsakar rana duk suna cikin inuwa. Ki tafi musu da kayan canji, domin ruwan Wikki ɗumi gare shi, digiri 31 rani da damina, kuma ba za su yarda a wuce shi ba.